Matar da ta rubuta dariyar Amurka: zare kan Madelyn Pugh

1/ Matasa ku matso. Duk mun san masu ba mu dariya a talabijin, amma wa ya san masu rubuta abin da suke faɗa? Yau zan ba ku tarihin wata mata.

2/ Sunanta Madelyn Pugh. An haife ta a 1921 a jihar Indiana ta Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu maza sun tafi fagen daga, sai ƙofar gidajen rediyo ta buɗe wa mata. Ta nan ta shiga harkar rubutu.

3/ A gidan CBS ta haɗu da Bob Carroll Jr., suka shafe kusan shekara 50 suna rubutu tare. A 1951 aka fara shirin barkwanci na I Love Lucy, su biyun da Jess Oppenheimer ne marubutansa.

4/ Shirin ya kai 1957, kashi 180. Duniya ta san jarumar, Lucille Ball. Madelyn kuwa sai mai karanta sunayen ƙarshen shiri.

5/ Abin da ya fi burge ni: ba ta tsaya kan takarda ba. In sun rubuta wata wauta mai haɗari, ita take fara gwadawa da jikinta, ta ga ko mace za ta iya ba tare da jin ciwo ba, kafin a miƙa wa jarumar. Ashe dariya ma aiki ce.

6/ Ta rasu a 2011 tana da shekara 90, bayan ta rubuta tarihinta a littafi. Shi ya sa yau nake da abin ba ku.

7/ To mu dawo gida. Duk wanda ya bi titin Maiduguri ya san gidan ARTV a Hotoro, tsohuwar CTV. Iyayenmu na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi har gobe suna ba da labarin wasanninta. Tambaye su sunan ɗan wasa, nan take za su faɗa. Tambaye su marubuci, sai shiru.

8/ Haka muke yi wa marigayi Samanja da marigayi Ibro: fuska muka riƙe, alƙalami muka manta. Kaset yana lalacewa, dattawa suna tafiya.

9/ Roƙona: in mahaifiyarka ko gwaggonki ta taɓa rubuta wasa a rediyo ko talabijin, ku zauna da ita, ku naɗi muryarta a waya. Ku ajiye sunanta a nan ƙasa mu sani.