Elbrus da Loongson: A Ina Dogaro da Kai Yake a Ƙirar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta?

Duk ƙasar da ta yi shelar samar da ƙwaƙwalwar kwamfuta tata ta gida, tambayar da ta dace a fara yi mata ita ce wace masana'anta ta ƙera ta. Zanawa daban, ƙerawa daban, kuma a ganina a wurin ƙira ne maganar dogaro da kai take tsayawa ko ta rushe. Rasha ta daɗe tana alfahari da Elbrus na kamfanin MCST da kuma Baikal, waɗanda injiniyoyinta suka zana da kansu. Sai dai manyan samfuransu a masana'antar TSMC ta Taiwan aka riƙa ƙera su, domin Elbrus-8S yana buƙatar fasahar nanomita 28, alhali masana'antar Mikron ta Rasha da ke Zelenograd tana aiki ne da nanomita 90. Da aka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi a 2022 saboda yaƙin Ukraine, TSMC ta daina karɓar aikinta, zanen ya rage babu maƙeri.

Sin ta bi hanya mai tsawo. A 2001 Hu Weiwu ya jagoranci fara aikin Loongson a Cibiyar Nazarin Kimiyya ta ƙasar, aka shekara da shekaru ana ɗora shi a kan tsarin umarni na MIPS, mallakar Amurkawa, kafin a fito da LoongArch a 2021. Amma abin da ya ba Sin madafa shi ne kuɗin da ta zuba a masana'antu. Shi ya sa bayan an raba kamfanin Huawei na Sin da TSMC a 2020, kamfanin SMIC na cikin gida ya iya ƙera masa Kirin 9000S mai nanomita 7 a 2023.

Za a iya cewa wannan duk asarar dukiya ce, tunda ko Amurka ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba, kuma injinan zamani mafi ƙwarewa na buga zane a kan silikon kamfanin ASML na Holan ne kawai ke yin su, an kuma hana sayar wa Sin. Akwai gaskiya a ciki, amma hujjar ta ɗauka cewa burin shi ne a kamo wanda ya fi kowa gudu. Tashoshin wutar lantarki, jiragen ƙasa, motoci da yawancin kayan soja ba sa buƙatar nanomita 3. Tsohuwar fasaha ta ishe su, muddin ba za a wayi gari wani ya toshe ta daga waje ba. Ƙasar da ke da ƙarancin kuɗi gara ta fara da wannan mataki, ta haɗa shi da tsarin RISC-V da ba a biyan kuɗin lasisinsa, kamar yadda Indiya ta yi da Shakti a IIT Madras.