Daga Wuƙar Halsted zuwa Gadar Malanbil: Tarihin Zaɓi a Tiyatar Sankarar Mama

A yau likita kan tambayi mai sankarar mama: a cire nonon ɗungurungum, ko a yanke ƙullutun kaɗai? Wannan tambaya ba ta daɗe da samuwa ba. Kusan shekara tamanin mata suka yi ba wanda ya yi musu ita.

A shekarar 1894 ne William Halsted, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya wallafa sakamakon tiyatarsa. A ganinsa cutar tana rarrafe ne daga nono zuwa abin da ke maƙwabtaka da shi, don haka yakan kwashe nonon, da tsokar ƙirji, da kaluluwar hammata baki ɗaya. Mata da yawa sun rayu, amma da ƙirji a rafke da hannu a kumbure. Daga baya har ta kai ana yi wa mace allurar barci don a ɗebi ɗan nama a auna, ta farka ta tarar babu nono. Ba rashin imani ba ne ya jawo haka, tsabar yarda ce da ra'ayin da ba a taɓa gwada shi da wani ba.

Gwajin ya zo a makare. A birnin Milan na Italiya, Umberto Veronesi ya raba mata 701 masu ƙaramin ƙullutu gida biyu, ya bayyana sakamako a 1981. Bernard Fisher ya yi makamancin haka a Amurka, ya wallafa a 1985. Duka biyun sun nuna cewa wadda aka yanke wa ƙullutu, aka bi da gashi, ba ta gaza wadda aka cire wa nono tsawon rai ba.

Sai dai a lura da sharaɗin: gashi. Cikin matan Fisher, bayan shekara 20, cutar ta dawo a nonon kusan kashi 39 cikin ɗari na waɗanda ba a gasa ba, amma kashi 14 kacal na waɗanda aka gasa.

To, a nan ne tarihin ya iso ƙasarmu. Ɗauki mace a Guéné, kusa da Malanbil a arewacin Benin. Babban asibitin koyarwa na yankin yana Paraku, tafiyar sa'o'i ta kudu. Gashi kuwa sai an yi makonni ana zuwa kusan kullum, a inda na'urar take. Yamai ta sami tata a 2021, Sakkwato da Zariya sun riga ta. Amma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, masu larura suka koma kwalekwale.

Ga kuma jinkiri. Ƙullutun da Veronesi ya yi aiki a kansa bai wuce santimita 2 ba. Wadda ta shekara tana shafe-shafen magani a ɗaki kafin ta nuna wa likita, sau da yawa takan iso da abin da ya fi ƙarfin ƙaramar tiyata, sai likitan ya ce a cire duka.