Ƙarewar Haɗi Alama ce, Yawan Tambaya ne Cutar: Bahasi a kan Tsarin ORM

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan ƙarewar haɗi tsakanin manhaja da rumbun bayanai a inda ake aiki da tsarin ORM. Da'awarta ita ce, sau da dama ƙarewar haɗi alama ce kurum, asalin illar kuwa tarin tambayoyin da tsarin yake aikawa ba da sanin mai rubuta manhaja ba.

1. Muƙaddima

Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar ajiye bayanai cikin jadawali a shekarar 1970, ma'abota wannan fanni suka wayi gari tsakanin harsuna biyu, domin rumbu bai san komai ba sai layi da ginshiƙi, ita kuwa manhaja abin da ta sani shi ne abubuwa masu riƙe da juna. ORM shi ne tafintan da aka kafa a tsakani. Daga cikin manhajojin da suke yin wannan tafinta, Gavin King ya fara Hibernate a 2001, Rails ya fito a 2004, Django a 2005, sa'an nan Michael Bayer ya saki SQLAlchemy a 2006.

Mushkilolin wannan tafinta uku ne: ta haɗi, ta daidaita jadawali, da ta tambaya. Ta tsakiyar ba za ta tsayar da mu ba, domin tana bayyana kanta nan take. Rumbun PostgreSQL yana mayar da sunan jadawali ƙananan baƙaƙe in ba a killace shi ba. Rumbun MySQL kuma, kafin fitowa ta 8.0 a 2018, ya kan ɗauki latin1 a matsayin tsarin baƙaƙe na asali, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, sai ya ƙi karɓar rubutun ko ya musanya su da alamar tambaya. Sauran biyun su ne suke sajewa da juna.

2. Waiwaye

A 2006 Ted Neward ya wallafa shahararren rubutunsa wanda ya kamanta ORM da yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam, ma'ana al'amari ne mai daɗin shiga da wuyar fita, wanda nasarar farko take jan mutum zuwa asarar da ba ta da iyaka. Ba mu musun cewa saɓani tsakanin jadawali da abubuwan manhaja na haƙiƙa ne. Abin da muke inkari shi ne hukuncin da mabiyansa suka ciro daga nan, har ya zama duk sa'ad da shafi ya yi nauyi ko haɗi ya ƙare, sai a ce ai halin ORM ke nan, a rufe babin bincike tun ba a buɗe shi ba. Wannan ƙiyasi ne ba tare da tahƙiƙi ba, domin ya ɗora laifi a kan jinsin kayan aiki gaba ɗaya, alhali illar tana da wuri sananne, tana da sababi, tana kuma ƙirguwa. Wanda ya yar da tafinta ya koma rubuta SQL da hannunsa, in ya sanya tambaya cikin zagaye, cutar nan dai za ta same shi.

Martin Fowler ya mayar da martani a 2012 cewa ORM yana ɗauke mafi yawan wahalar, ragowar kuma sai wanda ya san rumbu. Tse-Hsun Chen da abokansa a 2014, da Junwen Yang da nata a 2018 cikin nazarin manhajoji 12 na Rails, sun tabbatar da yaɗuwar aibin yawan tambaya.

3. Hanyar Bincike

An ɗauki SQLAlchemy a kan PostgreSQL da saitinsu na asali, aka auna su da ƙa'idar jerin gwano da John Little ya tabbatar a 1961. Misalin da aka gina shafi ne mai nuna rasiɗai tare da sunan mai sayayya.

4. Sakamako

SQLAlchemy yana ajiye haɗi 5 a taskarsa, yana yarda a ƙara 10 in an matsu, wanda bai samu ba kuma ya jira daƙiƙa 30 kafin a sallame shi da saƙon kuskure. Zama guda yana riƙe haɗinsa tun daga tambayar farko har a rufe mu'amala. Saboda haka abin lura bai tsaya ga adadin haɗi ba, har da tsawon lokacin da kowace buƙata take riƙe nata.

To, al'adar tsarin ita ce jinkirta ɗauko abin da ke rataye da wani har sai an taɓa shi. Mai rubutu ya nemi rasiɗai 500, tambaya ɗaya ta tafi. Sa'an nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunan mai sayayya, a zahiri bai tambayi rumbu komai ba, a baɗini kuwa kowane suna tambaya ce sabuwa, jimilla 501. Tamkar mai aiken yaro kasuwa ne sau ɗaya domin gishiri, sau ɗaya domin daddawa, alhali da ya lissafa masa cefanen duka da tafiya guda ta wadatar.

Dalilin ɓuyar wannan aibi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsarin yana tuna duk abin da ya riga ya ɗauko cikin zama guda, ba ya sake tambayarsa. In bayanan gwaji rasiɗai 10 ne na mutum 2, tambaya 3 kawai za ta fita, a kan kwamfutar da rumbun yake cikinta, inda zuwa da komowa ba su cin lokaci. Ranar da aka kai manhajar fagen aiki, inda rasiɗai 500 na mutum 500 ne, rumbun kuma yana wata na'ura dabam, sai abin da ya ɓuya ya bayyana.

Mu ƙaddara kowace tafiya milisakan 2 ce. Tambaya 501 za su riƙe haɗi kimanin daƙiƙa guda, ke nan haɗi 15 ba su iya sallamar fiye da buƙata 15 a daƙiƙa. In 20 suke shigowa, layi yana ƙaruwa da 5 kowace daƙiƙa, cikin minti ɗaya da rabi masu jira sun kai 450, jiran na ƙarshensu ya cika daƙiƙa 30, saƙon kuskure ya fito yana ambaton taskar haɗi, bai ambaci tambaya ko ɗaya ba. Da an yi amfani da selectinload, wanda yake ɗauko masu sayayya duka a tafiya guda, tambaya 2 ce za ta fita. In sun ci milisakan 20, haɗin nan 15 za su ɗauki buƙata 750 a daƙiƙa.

Wanda ya yi wa saƙon fassarar zahiri zai faɗaɗa taska, kuma nan ne musiba ta biyu take. Kowane reshe na manhaja da taskarsa, PostgreSQL kuwa haɗi 100 yake karɓa a saitinsa na asali. Rassa 8 masu haɗi 15 sun kai 120, sun riga sun ƙetare haddi tun ba a ƙara komai ba.

5. Iyaka

Wajibi ne a ambata cewa alƙaluman lokaci a nan ƙaddarawa ne, kuma akwai ƙarewar haɗin da ba ruwanta da yawan tambaya: zaman da aka manta ba a rufe ba, ko MySQL da yake yanke haɗin da ya yi awa 8 ba motsi, wanda maganinsa pool_pre_ping ne. Ɗauko komai tun farko ma yana da nasa nauyin. Amma waɗannan ba su rushe da'awar ba.

6. Hatima

Tartibin bincike da muke kira gare shi shi ne a fara da ƙirga tambayoyin da shafi guda yake aikawa, kafin a taɓa girman taska. In adadin yana hauhawa tare da yawan layuka, an kama cutar. Bayan gyara kuma a kafa mai tsaro: raiseload a SQLAlchemy, strict_loading a Rails, assertNumQueries a gwajin Django, a kuma yi gwaji da bayanai masu yawa na mutane mabambanta. Wallahu a'alamu.