Joseph, Yusuf, Isuhu, Issoufou: Suna Ɗaya a Bakin Iyakar Jibiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau zancen suna za mu yi, kuma sunan Turanci: Joseph. Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu da Joseph? Ku ɗan ba ni lokaci. Sunan nan yana cikin gidajenmu, da wuya a samu unguwar da babu mai amsa shi, sai dai da wata riga muka san shi. Kuma akwai Turawa biyu masu wannan suna da ke da hannu a layin da ya raba Jibiya da Maraɗi.

Mu fara daga tushe. Joseph ba kalmar Ingilishi ba ce, aro ce. Asalinta daga Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila, inda ake cewa Yosef. Tushen kalmar yana nufin ƙari, ma'anar sunan kuma addu'a ce: Allah Ya ƙaro. A ruwayar Attaura, Rahila matar Annabi Yaƙubu (AS) ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, da ta samu ɗa sai ta sa masa suna da fatan a ƙaro mata wani. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu ma muna da Abarshi da Barmani, sunayen da uwar da 'ya'yanta ke rasuwa take roƙo da su a bar mata wannan. Suna ne da ya fito daga zuciyar uwa.

Daga nan sunan ya rabu hanya biyu, kamar fatake biyu da suka tashi daga zango ɗaya.

Hanya ta farko ta yi Turai. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an fassara Attaura zuwa harshen Girka a birnin Iskandariyya na Masar, aka rubuta sunan Ioseph. Daga Girkanci ya shiga Latin, har lokacin da sautin "y" ake fara shi. A bakin Faransawan da ne wannan "y" ta rikiɗe ta koma "j". Da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, irin furucinsu ya bi su can. Shi kansa harafin J sabon shiga ne. Baibul ɗin Sarki James da aka buga a 1611, da harafin I ya rubuta sunan, sai daga baya a cikin ƙarni na 17 aka ware J daban. Kuma sunan bai yawaita a Ingila ba sai bayan sauyin addini na ƙarni na 16, lokacin da 'yan Furotesta suka riƙa ɗauko sunayen 'ya'yansu kai tsaye daga Baibul.

Kowace ƙasa da yadda ta tauna shi. Mutanen Sifen suka ce José, suna furta shi kamar Hose. Italiyawa suka ce Giuseppe. Rashawa suka ce Iosif, wanda shi ne sunan Stalin na yanka. Joe Biden na Amurka, Joseph ne cikakken sunansa. Haka Joseph Yobo, kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da suka ɗauko kofin Afirka a 2013.

Hanya ta biyu ita ce tamu. Larabawa suka ce Yusuf, malaman nahawu kuma suka sa shi cikin sunayen ajami, waɗanda ba asalin Larabci ba, shi ya sa ba a yi masa tanwini. Alƙur'ani ya ba shi sura guda, ta 12, mai ayoyi 111. Ta wannan hanya, da malamai da fatake da makarantun allo, sunan ya iso ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya taka ta.

To, bakin Bahaushe ma ba ya barin baƙuwar kalma yadda ta zo. Ba ma son kalma ta ƙare da baƙi, sai muka ƙara wasali: Yusufu. Sai "Yu" ta farko ta sassauta ta koma "I", kamar yadda Yunusa ya zama Inusa: Isufu. Sannan a Katsina da Maraɗi da Gobir da Sakkwato, inda ake cewa tahi maimakon tafi, kihi maimakon kifi, sai "f" ta koma "h": Isuhu. Ga kuma laƙabi, Maitama, kamar na marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule. Kiristocin Hausawa su ma Yusufu ne a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassara shi a 1932.

Yanzu mu je Magamar Jibiya, inda ake duba takardu kafin a tsallaka zuwa Ɗan Isa, a miƙe Maraɗi. A wannan gefen katin mutum yana cewa Yusuf ko Yusufu. A wancan gefen ɗan baffansa yana riƙe da kati mai Issoufou ko Youssouf. In ka kira su da baki, su biyun Isuhu za su amsa. Bambancin a alƙalami yake: Faransanci yana rubuta sautin "u" da "ou", yana ninka "s" a tsakanin wasula don kada ta zama "z". Shi ya sa sunan Mahamadou Issoufou, shugaban Nijar daga 2011 zuwa 2021, yake yi wa yaron Kano kama da baƙon suna, alhali sunan ƙarshe na Abba Kabir Yusuf ne.

Yaya aka yi alƙalami biyu suka raba gida ɗaya? A nan ne tarihi ya shigo.

Wajen 1807 masu jihadi ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka karɓi birnin Katsina. Gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Kusan duk ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu, yankin Jibiya yana tsakiya. Ke nan akwai rabuwar siyasa tun kafin Turawa. Amma harshe ɗaya ne, karatu ɗaya, kuma duk wanda zai rubuta Yusufu, da ajami iri ɗaya zai rubuta shi, a Katsina ne ko a Maraɗi.

Sai ga Joseph na farko. Joseph Thomson ɗan Sikotlan ne, matafiyi, wanda har wata barewa ta Gabashin Afirka ke ɗauke da sunansa. A 1885 kamfanin George Goldie, wanda shekara guda bayan nan ya zama Royal Niger Company, ya turo shi Sakkwato da Gwandu. Ya gana da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, ya koma da takardar yarjejeniya. Kamfanin ya riƙa nuna takardar a Turai a matsayin hujjar cewa yana da iko a ƙasar. Masana tarihi da dama suna ganin abin da Sakkwato ta fahimta izinin ciniki ne kawai, ba miƙa ƙasa ba. Amma takarda ta riga ta yi aikinta. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Maraɗi ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Wannan ya ba Faransa abin kamawa.

Joseph na biyu shi ne Joseph Chamberlain, ministan Ingila mai kula da ƙasashen mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903. Shi ya tsaya kai da fata kada Faransa ta sha gabansu a Afirka ta Yamma, shi ya ɗora Lugard ya kafa rundunar sojan da daga baya ta ci Kano da Sakkwato a 1903. A zamaninsa aka yi yarjejeniyar Paris ta 1898, aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato. Faransawa suka duba, suka ga an bar musu rairayi, babu hanya mai rijiyoyi daga kogin Neja zuwa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har aka gyara layin a 1904, aka sake gyara shi a 1906, aka turo shi kudu. Da haka Maraɗi da Tibiri da Tasawa suka tabbata a hannun Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamomin iyaka. Tun daga ranar, yaron Jibiya in ya shiga boko da ƙa'idar Ingilishi za a rubuta sunansa, na Ɗan Isa in ya shiga lakwal da ta Faransanci.

Wannan ba labarin da ya wuce ba ne, don har yau yana cin mutane. Duk wanda ya yi layin gyaran suna ya san abin da nake faɗa. Takardar firamare ta ce Isuhu, ta WAEC ta ce Yusuf, BVN ya ce Yusufu, NIN kuma wani abu daban. Kwamfuta ba ta san tarihi ba, a wurinta mutum huɗu ne. Dalibi yana iya rasa gurbin karatu a kan haka, asusun banki yana iya maƙalewa. Ga iyalan da ke zaune a bakin iyaka, waɗanda uwa 'yar Madarunfa ce uba ɗan Jibiya, abin ya fi tsanani, don rubutun suna kaɗai yana iya sa a fara yi wa mutum tambayar ɗan wace ƙasa ne. Shawarata ga matasa: ku zaɓi rubutu ɗaya tun wuri, ku tabbatar shi ne a kowace takarda, ku kuma duba na ƙannenku kafin su kai ajin jarrabawa.

To mu zo ga amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu ya yi daidai da sunan. A Ingilishi ƙa'idar tana da tsauri: dole sautin ya dace tun daga wasalin da aka fi dannawa har ƙarshen kalma. Saboda haka Joseph yana cikin sunayen da ke wahalar da mawaƙansu, kusan babu kalmar yau da kullum da ta zauna daidai da shi. Amma da zarar an gutsure shi ya zama Joe, sai ƙofa ta buɗe: go, tafi ke nan, no, a'a, know, sani, slow, sannu a hankali, snow, dusar ƙanƙara. Saukinsa a baki da yawan masu shi ya sa a Amurka in ana son a ce wani talaka wanda ba a san shi ba, sai a ce Joe, kamar yadda mu za mu ce wani Tanko ko wani Bala.

Larabci ma ya yi wasa da sautin sunan. Kalmar baƙin ciki a Larabci ita ce asaf, kuma a inda Annabi Yaƙubu (AS) ke kukan rashin ɗansa a cikin surar, kalmar ta zo dab da sunan Yusuf. Malaman balaga suna kawo wurin a matsayin misalin dacewar sauti.

A Hausa kuwa gaɓar ƙarshe ake dubawa, kuma Isuhu na Katsinawa ya yi sa'ar abokai: duhu, buhu, sahu. Ni abin da ke burge ni, in ka jera su sai ka ga kamar ƙissar ce a taƙaice. Duhu na rijiyar da 'yan'uwansa suka jefa shi, da na kurkukun Masar. Buhu na hatsin da ya tara a shekaru bakwai na yalwa don shekaru bakwai na fari, da kayan ƙanensa inda aka sa ma'aunin sarki. Sahu kuma na ayarin da suka riƙa tsallaka ƙasa zuwa ƙasa neman abinci, cikinsu har da 'yan'uwansa, suka tsaya gabansa ba su gane shi ba. Dacewa ce kawai ta sauti, babu alaƙar asali tsakanin kalmomin. Amma dacewa ce mai daɗi.

Mutumin Jibiya ya san buhu da sahu fiye da kowa. Ya ga sahun manyan motoci sun yi cirko-cirko lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ya sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowane karo, buhun gero da na wake da dabbobi ne suka fara tsayawa, sai zumunci ya biyo baya: biki, suna, ta'aziyya. Gulbin Maraɗi ne kaɗai bai tsaya ba, wanda ke bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya zaga ya dawo Najeriya ya faɗa gulbin Rima.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, layin nan shekara ɗari da 'yan kai ne kawai da kafawa, sunan kuwa ya haura shekara 2,500 a rubuce. In ka ga Issoufou a katin wani, ko ka ji abokin karatunka Kirista yana amsa Joseph, kafin ka sa shi a sahun baƙi ka tuna takwaran Isuhun gidanku ne.

Ku faɗa mana yadda ake kiran sunan a garinku, da kuma sunan da kuke so mu bi sawunsa nan gaba.