Kukan Tsuntsaye Tsakanin Ingilishi da Hausa

Tun daga farkon shekarun 1930, lokacin da Hukumar Fassara ta zauna a Zariya, har zuwa 1945 da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada, malamanmu sun sha fama da auna kalmar Ingilishi da ta Hausa. A nan za mu ɗan leƙa wani lungu na wannan aiki da ba a cika waiwaya ba, watau kalmomin kukan tsuntsaye.

Bature ya raba wa tsuntsaye kalmomi. Zakara yana crow, kurciya coo, agwagwa quack, mujiya hoot, ƙananan tsuntsaye kuwa tweet. Bahaushe ya ba zakara cara, ya ba kaza kyarkyara, sauran kuwa galibi ya tara su cikin kuka. Ɗalibin da ya ga haka sai ya zaci Hausa ce ta gaza. To, a dakata tukuna.

Da farko dai, kalmomin nan na Ingilishi ba su zauna wuri ɗaya ba. Crow ta koma cika baki. Hoot ta hau kan ƙahon mota. Quack kuma ta zama sunan likitan bogi tun ƙarni na 17. Ita ko tweet, daga 2006 ta zama gajeren saƙo a Twitter, kafin a mai da sunan kamfanin X a 2023. Ashe mai fassarar da ya riƙe ma'ana guda zai sa agwagwa ta yi wa mutane allura.

Na biyu, kuka ma kalma ce mai rassa. Jariri na kuka, talaka na kai kuka gun sarki, kurciya na kuka. Inda Bature ya kula da irin sautin, Bahaushe ya kula da saƙon. Shi ya sa ake cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Har ila yau, ba banza ba Abubakar Imam ya sa hikima a bakin aku cikin Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya a 1936.

Wani lokaci ma kunnuwan kan haɗu. Alhudahuda, daga hudhud na Larabci, da hoopoe na Ingilishi, duk kwaikwayon kukan tsuntsu ɗaya ne.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu ƙago kalmomi ƙarfi da yaji don mu yi kunnen doki da Ingilishi. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan ya daɗe yana sauraren Hausawa gari gari. Mu ma mu je gun maharba da manoma mu rubuta yadda suke faɗa, tun masu sanin suna da rai. Allah ya sa mu dace, amin.