Yaƙin Kan Tebur: Daga Jamus Zuwa Jaji

Wannan makon na ɗan ajiye labarin soyayya, ku yi mini afuwa, domin wani tarihi ne ya tsaya mini a rai.

Asalin maganar, ina rubuta wani littafi ne wanda jaruminsa Kaftin ne na soja. Na kai inda aka tura shi kwas Jaji, sai alƙalami ya cije, don ban san abin da ake yi a can ba. Sai na tafi wurin wani kawuna, tsohon soja a nan Bagwai, na tarar da shi gindin darbejiya suna dara. Da na tambaye shi, sai ya nuna mini gurabun darar ya ce, "Ke 'yar nan, kin ga wannan? Ita manya suke yi a Jaji, sai dai tasu da taswira da kwamfuta." Na ɗauka zolaya ce. Da na bibiya sai na tarar gaskiya ya faɗa.

Abin ya samo asali ne daga Furushiya, wani yanki na Jamus ta yau. A 1824 wani matashin hafsa mai suna Reisswitz ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙirƙiro, ya nuna wa shugaban hafsoshin ƙasar. Ana shimfiɗa taswira, a jera 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, ɓangare biyu su fafata, alƙalin wasa yana faɗin wanda ya yi asara. Da Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai ƙasashe suka yi ta kwaikwayon wasan.

A Yaƙin Duniya na Biyu kuma Ingila ta shigo da masana lissafi da kimiyya cikin sha'anin, irin su Patrick Blackett, aikinsu su ƙirga su auna, su gaya wa janar-janar dabarar da take ci da wadda take ɓarnar harsashi kawai.

Amma labarin da ya fi taɓa ni, a matsayina na 'ya mace, shi ne na birnin Libaful. A lokacin jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna ta nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci, har ana tsoron yunwa. A farkon 1942 aka ba wani hafsan ruwa, Gilbert Roberts, ɗaki da 'yan mata ma'aikatan rundunar ruwa, wasunsu ba su kai shekara 20 ba. Suka zana teku a daɓen ɗakin, suka jera 'yan jiragen katako, suna jan layi da alli. Kwamandoji kuwa a bayan labule ake tsayar da su, suna leƙe ta 'yar kafa, don kada su ga fiye da abin da za su gani a teku. Da wannan wasa suka gano cewa abokan gaba cikin dare suke kutsowa tsakiyar ayarin jiragen su yi harbi, suka kuma tsara yadda za a kama su. Kafin a rufe wurin a 1945 hafsoshi kusan 5,000 sun yi kwas a ɗakin.

To mu dawo gida. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya ba su fi dubu 10 da 'yan kai ba, aka gama yaƙi sun kai wajen dubu 250. Ga mutane, amma hafsoshin da suka ƙware a tsara yaƙi sun yi kaɗan. Shi ya sa a 1976 aka buɗe kwalejin horar da hafsoshi a Jaji, tsakanin Zariya da Kaduna, da taimakon malaman soja daga Ingila. Da fari ta sojan ƙasa ce kaɗai, sojan sama suka shigo a 1978, na ruwa a 1981. Daga baya aka kafa cibiyar kwaikwayon yaƙi da kwamfuta a barikin, inda allo ya maye gurbin alli. Kwalejin tana da wani atisaye mai sunan Hausa, Haske Biyu, inda ake haɗa soja da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro a gwada yadda za a tunkari ta'addanci tare.

Mai karatu zai ce ina ruwan marubuciyar Bagwai da wannan? Ruwana da tsaki. A 2025 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga Katsina suna kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, maƙwabtanmu. Ƙasarmu kuwa a cushe take, gona na jikin gona, gida na kallon gida. Duk hafsan da za a turo nan, dole ya iya bambance ɗan bindiga da manomin da ke dawowa daga lambu a Watari.

Ba mu manta da Tudun Biri ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, mutum 85 aƙalla suka rasu, soja suka amsa cewa kuskure ne. Tudun Biri da Jaji ƙaramar hukuma ɗaya suke, wato Igabi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Amfanin ɗakin gwaji ke nan, a yi kuskuren a kan tebur, a goge, a sake. Fatana idan ana jera runduna a allon Jaji, a riƙa sa taron Mauludi da ranar kasuwa da 'yan biki a cikin lissafin. Kaftin ɗina dai na sa ya faɗi wasansa na farko, kawu ya ce haka ya fi kama da gaskiya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.