Tarihin Kiran Waya Ga Wanda Ba Ya Iya Magana

Kafin mu koma kan littafi, ga ɗan tarihi.

Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar ƙirƙirar tarho a 1876, malamin kurame ne, matarsa ma kurma ce. Amma tarhon nasa ya yi kusan shekara 90 bai amfani kurame ba. Sai a 1964 wani masanin kimiyya kurma, Robert Weitbrecht, ya haɗa injin buga rubutu da layin tarho, kurame suka fara hira da juna daga nesa.

To wanda yake ji, amma maganar ce ba ta fita fa? A Disamban 1974, a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Donald Sherman ya buga waya yana son a kawo masa abinci, yana rubutawa kwamfuta na furtawa. Masu shagunan farko suka riƙa kashe wayar, sun ɗauka wasa ake musu. Da ƙyar aka samu wanda ya yi haƙuri ya saurara har ƙarshe. A 1990 Amurka ta yi dokar da ta wajabta samar da ma'aikatan da ke shiga tsakani su isar da saƙon irin waɗannan masu kira.

Mu a nan, wayar salula ta shigo a 2001, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya kuwa sai Janairun 2019 aka sa mata hannu. 'Yan Mubi sun san darajar kiran waya. A Oktoban 2014, da garin ya watse, da waya mutane suka riƙa neman iyaye da 'ya'ya. Ku tuna da wanda shanyewar ɓarin jiki ta riƙe wa harshe a wannan rana. Yaya zai ce "ina raye"?

Yau ƙaramar wayar Android ma tana karanta rubutu da murya, sai dai galibi da Turanci. Dattijon Muchalla mai jin Fali da Hausa fa? 'Yan sashen kwamfuta da na harsuna a ADSU da Poly, ga batun bincike a ƙofar gida.

Sauranmu kuma, in ka ɗaga waya ka ji shiru ko muryar inji, don Allah kada ka yi saurin kashewa. Wataƙila mutum ne yake rubuta sallama.